Fitilu duk sun kama, to me injiniya zai duba kuma?

Tambaya: Wata Hajiya daga Kano ta kama babban shago mai bene, za ta buɗe wurin sayar da atamfa, leshi da shadda. Mai wayarin ya gama jan wayoyi, an ɗaura fitilu sama da ɗari, an tayar da janareta duk sun kama, masu POP suna jira su rufe silin. Ɗanta ya ce kada a rufe sai an kira injiniya ya gwada aikin ya ba da takarda. Mai wayarin kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, shekara ashirin yana wannan sana'a. Tana so ta san wa ke da gaskiya, me doka ta ce, kuma me ake dubawa.

Amsa: Hajiya, ɗanki ne da gaskiya. Ki dakatar da masu POP ko da za su yi fushi, domin da zarar an rufe silin nan, rabin abin da ya kamata a gani ya ɓuya, kuma duk gyaran da ya taso daga baya sai an fasa adon da kika kashe wa kuɗi.

Fitila waya biyu kawai take buƙata ta kama. Za ta kama ko babu wayar ƙasa, wadda ma'aikata ke kira atin. Za ta kama ko an juya layif, wato wayar da ke kawo wuta, da nutural, wadda ke mayar da ita. Za ta kama ko wayar ta yi wa lodin ƙanƙanta, ko an murɗe haɗin da hannu an naɗe da salatif an cusa a silin. Duk abubuwan da ke tsare ranki da dukiyarki suna cikin ɓangaren da ba ya hana fitila haske. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a aikin lantarki akwai ƙimar da ido ba ya iya sani, sai na'ura. Wannan ba raini ba ne ga mai wayarinki. Ni ma da na daɗe a aikin nan, idan na gama nawa sai na sa na'ura a kai, kuma sau da yawa takan nuna mini sukurun da na manta ban ɗaure ba.

A wajen doka, maganar a fili take. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin dubawa da gwadawa da ba da takardar shaida ga aikin lantarki kafin a fara amfani da shi, ita ce kuma ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaidar ƙwarewa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bar mata wannan aiki. Ƙa'idojin da ake auna aikin da su suna cikin kundin da hukumar NERC, mai tsara harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta fitar a 2015, wanda ake kira NESIS, kuma injiniyoyinmu suna aiki da shi tare da ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, da ta duniya, IEC 60364. Ingancin kayan kansu, waya da bireka da soket, hurumin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ne, wato SON. Na san gine-gine da yawa a garin nan an ja musu wuta ba tare da kowa ya leƙa ba. Hakan bai mayar da abin daidai ba, kuma ranar da wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, kamfanin inshora ko mai ginin ko maƙwabcin da ya yi asara takardar nan zai fara tambaya. Ki tambayi mai wayarinki shaidarsa ta NEMSA. Idan yana da ita, ba zai ƙi a gwada aikinsa ba.

Idan na shigo shago irin naki, da waya nake farawa, kuma a nan nake daɗewa. Wayar fitilu yawanci mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce. A cikin fayif tana iya ɗaukar wajen amfa 15 zuwa 17 (amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), amma jadawalin da ya ba da wannan lissafi ya ɗauka zafin wurin digiri 30 ne. Ki tuna yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu a Kano. Idan zafin ya kai digiri 45, ƙarfin wayar ya koma kashi 79 cikin ɗari, a digiri 50 kuma kashi 71. Idan aka cusa layuka huɗu ko biyar a fayif ɗaya suna dumama juna, sai a sake ragewa. Robar da ke jikin wayar an yi ta ne ta jure digiri 70. Idan tana wuce haka kullum, ba za ta kama da wuta yau ba, za ta riƙa bushewa ne tana tsagewa a hankali har ranar da wayoyi biyu za su taɓa juna.

Sai babbar matsalar kasuwarmu, jabun waya. Akwai wadda aka rubuta 1.5 a jikinta alhali cikinta bai kai ba, akwai kuma alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Gane su ba wuya ga mai na'ura. Wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai 1.5, idan tsawonta ya kai mita 100, turjiyarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, wajen om 1.2 ce. In aka auna naɗi guda aka ga om 2 ko kusa da haka, an cuce ki. Ko ba na'ura ma, a kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ce. Ita alminiyom tana saki a ƙarƙashin sukuru bayan ta sha zafi da sanyi, haɗin ya yi sako-sako, tartsatsi ya fara. In akwai ragowar naɗin da aka yi miki aiki da shi, ki adana shi don mai dubawa.

Tsawon layi ma yana da iyaka. Ƙa'ida ta yarda wutar fitila ta ragu da kashi 3 cikin ɗari tsakanin inda ta shigo da fitilar ƙarshe, wato bolt 6.9 daga cikin 230. Waya mai 1.5 da ke ɗauke da amfa 6, tana kai wannan iyaka a mita 40. A shago mai bene, layin da ya zagaya ya hau sama yakan wuce haka ba a sani ba.

Daga nan sai haɗe-haɗe. Kowane haɗi dole ya kasance cikin akwati mai murfi, da abin ɗaurewa na sukuru ko na matsi, a wurin da hannu zai iya kaiwa. Haɗin murɗe da salatif shi ne abin da na fi samu a silin, shi ne kuma abin da na fi tsoro. Bireka ba ta ganin sako-sakon haɗi, domin wutar da ke bi ta wurin ba ta wuce ƙima ba, zafi ne kawai ke taruwa a wuri ɗaya kamar garwashi. Saboda haka ki sa masu POP su bar ƙofofin leƙe a silin. Za su ce yana ɓata ado, ki ce kin ji kin gani.

Fitilun kansu fa. Fitilar LED ba ta zafi kamar tsohon ƙwai, amma tana da ɗan akwatin da ke sarrafa mata wuta, wanda ake kira direba, shi kuma yana zafi. Na sha ganin an jefa shi a kan silin cikin tarkacen kwali da buhun siminti da leda. Ya kamata ya sami iska, a share wurin kafin a rufe. Fitila mai nauyi, irin mai lu'ulu'u da ake ratayawa a tsakiyar shago, a jikin ƙarfe ko kankaren dakin za a ɗaure ta, ba a jikin POP ba, kuma kada wayar wuta ta zama ita ke ɗauke da nauyin. In akwai fitilar halojin mai haska kaya, ki sa a cire. Zafinta ya isa ya babbake leshin da ya matso kusa da ita, kuma a shagon yadi kaya kullum hawa suke har su kusa taɓa silin, musamman gab da salla.

Yanzu akwatin rarraba wuta, DB. Aikin bireka shi ne ta tsare waya, don haka girmanta yana bin girman wayar ne. Layin fitila mai 1.5 amfa 6 ko 10 ya dace da shi. Ga inda ake samun matsala da LED: fitilu ɗari masu wat 12 duka-duka wat 1,200 ne, bai taka kara ya karya ba, amma a daidai lokacin da aka kunna su, direbobin suna fizgar wuta mai yawan gaske na ɗan ƙiftawar ido. Idan an tara su da yawa a layi ɗaya, bireka sai ta faɗi. Maganin da ake yi a gaggauce shi ne a cire ta amfa 10 a sa ta 32, fitilu su zauna lafiya, kowa ya yi murna. To daga ranar wayar ba ta da mai tsaron ta, za ta iya narkewa bireka tana tsaye. Maganin gaskiya shi ne a raba fitilun zuwa layuka da yawa, a kuma sa bireka mai alamar C, wadda ke jure fizgar farko har ninki biyar zuwa goma, maimakon mai alamar B da ke faɗuwa daga ninki uku zuwa biyar. Rabawar tana da wani amfanin: in layi ɗaya ya faɗi, shagon ba zai dulmiya cikin duhu gaba ɗaya da mutane a kan matattakala ba. Kowace bireka kuma a rubuta mata sunan wurin da take ba wuta, da rubutun da yaran shago za su iya karantawa.

Atin shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne kuma ke tsakanin mutum da ajalinsa. Duk fitila mai jikin ƙarfe, duk ƙarfen da aka jera fitilu a kai, duk firam ɗin allon talla, dole waya mai launin kore da rawaya ta kai gare shi, kuma a auna a tabbatar ba ta yanke a hanya ba har zuwa DB. Sau da yawa nakan buɗe fitila in tarar da wayar ta iso, amma an datse ta an lanƙwashe, ba a ɗaura ba. Sandar da aka kafa a ƙasa ita ma sai an auna ta. Ƙasarmu tana bushewa ƙwarai da rani, sandar da ta ba da lamba mai kyau a watan Agusta za ta iya ninkawa a watan Maris. Gishirin da ake zubawa a ramin yana rage lambar na ɗan lokaci, amma yana cin sandar. Gara a ƙara zurfi ko a ƙara sanduna a haɗa su.

Ko sandar ta yi kyau, ita kaɗai ba ta isa ba, ga lissafin. A ce turjiyarta om 50 ce, layif ya taɓa jikin fitila. Bolt 230 a raba da 50, wutar da za ta bi ƙasa amfa 4.6 ce. Birekar amfa 10 ba za ta ko motsa ba. Jikin fitilar zai zauna da wuta yana jiran yaron da zai hau tsani ya goge ƙura. Abin da ke ceton yaron nan shi ne na'urar da ake kira RCD, wadda ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga bambancin miliamfa 30 ta yanke. A gwaji dole ta yanke cikin kashi uku cikin goma na daƙiƙa, kuma da na'ura mai auna lokaci ake tabbatarwa, danna maɓallin jikinta kaɗai bai wadatar ba. Shawarata kada a sa guda ɗaya ta riƙe shagon duka. Direbobin LED kowanne yana ɗan yoyon wuta kaɗan, in suka taru sai ta riƙa faɗuwa ba dalili, ranar da aka gaji sai a tsallake ta da waya. A sa wa kowane layi tasa, irin wadda ta haɗa bireka da RCD a jiki ɗaya. Ta fi tsada, amma ita ce za ta zauna.

Akwai gwajin robar waya, wanda ake yi da na'urar da aka fi sani da Megger. Ana tura bolt 500 tsakanin wayoyin, bayan an cire fitilun LED don kada direbobinsu su ƙone. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa mega-om 1 ne, wato om miliyan ɗaya, amma sabon aiki mai kyau yakan ba da ɗaruruwa. Idan sabon layi ya ba ni mega-om 2 ko 3, ba na wucewa, na san akwai inda aka ƙuje waya wajen ja, ko ƙusa ta taɓa ta. Wannan gwaji ya kamata a yi shi sau biyu a wurinki, kafin a rufe silin da kuma bayan an rufe, domin sukurun masu POP sun sha huda waya.

Ana kuma duba cewa makunni layif yake yankewa. Idan nutural aka bi da shi ta makunni, fitila za ta mutu, amma wuta tana nan a cikinta, mai canza ƙwai yana ganin ya kashe. Launin waya ma yana rikita mutane yanzu, domin tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutural, sabon tsari kuma ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kuma duka biyun suna kasuwa. A wuta mai fes uku, wato mai layif uku, baƙi a sabon tsari layif ne. A tsaya a kan tsari ɗaya a ginin duka.

Tunda shagon babba ne, ina kyautata zaton fes uku aka ja miki. A raba lodin daidai a tsakaninsu, a kuma kula da nutural kamar ƙwai. Wata shekara an kira ni wani kantin zamani inda fitilu sama da sittin suka ƙone cikin minti ɗaya, tare da na'urar karɓar kuɗi. Mai wurin ya rantse wutar da aka kawo ce ta yi ƙarfi. Da muka buɗe DB, sukurun babban nutural ne ba a ɗaure ba tun farko, ya yi ta zafi har ya saki. Idan nutural ya yanke a fes uku, fitilun da aka yi don bolt 230 za su iya samun abin da ya doshi 400. Sukuru guda ɗaya ne, wanda dubawar rabin awa za ta kama. Abin ya daɗe yana damuna, domin mutumin bashi ya ci ya buɗe wurin. Kada kuma a rage kaurin nutural da sunan tsimi. Fitilun LED masu yawa suna tara wuta a nutural ko da fes ukun sun daidaita.

Cenjoba tsakanin wutar KEDCO da janareta da inbata dole ta raba su sarai, ta yadda ba yadda za a yi biyu su haɗu. Wutar janareta da ta koma layin waje tana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana ganin an ɗauke wuta. Gwajin RCD kuma a maimaita shi a kan janareta da kan inbata, domin wani haɗin yana aiki a wutar gari amma ba ya aiki a kansu.

Abin da kusan ba na samu a shagunanmu shi ne fitilar gaggawa, mai batir a jikinta, wadda ke kamawa da kanta in wuta ta yanke. Mutane sukan ce ai akwai inbata. To in gobara ta tashi daga DB, ko aka kashe komai don a kashe gobarar, inbatar ta tafi tare da sauran. A sa su a kan matattakala, da kowace kwana, da saman ƙofofin fita, da kusa da DB da tukunyar kashe gobara. Ƙa'ida tana neman aƙalla lus 1 (ma'aunin ƙarfin haske) a tsakiyar hanyar fita, kuma irin waɗanda ake sa wa wuraren jama'a awa uku suke riƙewa. A gwada su kowane wata, sau ɗaya a shekara kuma a bar su har awa ukun su cika. A nan da ake yawan ɗauke wuta batirinsu yana saurin gajiya, don haka kada a yi wasa da gwajin. Tukunyar kashe gobarar da ke kusa da DB ta zama mai iskar CO2 ko mai hoda, ba mai ruwa ba.

Allon talla da fitilun waje su kasance masu lambar IP65, waɗanda ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa shiga, da makunninsu na daban da za a iya kashewa daga ƙasa.

Dalilin da ya sa nake matsa miki haka, Hajiya, yadi kike sayarwa, kuma shagonki yana jingine da na wasu. Duk ɗan Kano yana tuna watan Maris na 2016, lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya, haka mutanen Maiduguri da kasuwar Monday Market a Fabrairun 2023. Wuta a wurin kasuwanci ba ta tsayawa a shagon da ta fara. Wayar da ke cikin silinki akwai haƙƙin maƙwabtanki a kanta.

Idan an gama, abin da za a miƙa miki ba "komai lafiya" da baki ba ne. Takarda ce mai ɗauke da jerin layuka, kowanne da kaurin wayarsa, girman birekarsa, da lambobin da na'ura ta nuna: na atin, na robar waya, na lokacin yankewar RCD, na sandar ƙasa. Sai zanen yadda aka rarraba wutar, da suna da sa hannu da lambar rajistar wanda ya gwada. In injiniya ne, ki nemi lambarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Takardar da aka cike a ofis ba tare da an zo da na'ura wurin ba, ki ƙi karɓa, kuma ki sa ɗanki ya tsaya a wurin ranar gwajin ya ga ana rubuta lambobin. Shago irin naki a sake gwada shi aƙalla duk shekara biyar, da kuma duk lokacin da aka ƙara lodi. Na san yadda abin yake tafiya: bana fitilu ne, baɗi an ƙara na'urar sanyaya ɗaki biyu, sai tela da dutsen guga a bene, duk a jona a layin da ya fi kusa. Soket ko na'urar sanyaya ɗaki kada su taɓa hawa layin fitila.

Gobe ki kira mai wayarin ki gaya masa cikin mutunci cewa za a gwada aikin kafin a rufe silin, kuma kina so ya kasance a wurin, don duk abin da aka samu ya gyara nan take. Ki je ofishin NEMSA ki nemi a turo masu dubawa. Cikon kuɗin aikinsa ki riƙe har sai takardar ta shigo hannunki. Kwafi ɗaya a liƙa a cikin murfin DB, asalin kuma ki kai gida, kada ya kwana a shagon.